Yaɓen Tanderu

Shekara talatin da takwas ina gasa burodi a Kutaisi,
kai a cikin tanderu, ƙafa a sama kamar jemage,
ina manna ƙullu a jikin bango mai zafi.
Sai ga mai gashi an kai shi Tibilisi an gasa.
Kwana ashirin da biyar a kan tebur mai sanyi,
ɗigon tawada uku a ƙuguna kada hasken ya ɓata hanya.
Ba hayaƙi, ba ƙauri.
Na'ura ta yi gurnani, ta kewaya ni, ta yi shiru.

Ƙarin ya motse, in ji hoto.
Amma wutar daji ba ta tambayar iyakar gona.
Hanjina ya biya bashin da bai ci ba.

Na haddace kowane banɗaki daga tashar mota zuwa Farar Gada.
Waken tukunyar ƙasa, mun yi sallama.
Cukwi, tafarnuwa, ruwan inabin da ƙanena ya matse,
duk na zama baƙonsu.
Burodin hannuna ma sai dai in shinshina.
Na ƙara huda biyu a bel.

Likita Nestan, sa'ar autata,
ta juya takardar magani ta yi zane a baya.
Ta ce cikin hanji 'yan yatsu ne ƙanana jere,
kamar fuskar tawul,
hasken ya aske su.
Jiki magini ne, ba ya hutu,
in dai an sauke masa kayan aiki.
Ta rubuta: amino asid. Ta ce, tubali ke nan.
Ta rubuta: gulutamin.
"Ba alkawari na yi maka ba, Otar.
Masu bincike har yau suna ja-in-ja a kansa.
Mu gwada, mu auna. Kada ka bar ƙwai da kifi."
Nan ta saye ni.
Ban taɓa yarda da mai tallan magani da rantsuwa ba.

Asuba, cokalin Tsisana yana kaɗa gilashi.
Farin gari, ba ƙamshi,
ɗanɗanon alli da aka jiƙa.
Ni da na san gari da yatsa biyu,
wannan bai gaya mini komai ba.
Ta ɗauko tsohon littafin bashi na shago,
ƙarƙashin sunayen waɗanda suka mutu ba su biya ba
tana rubuta zirga-zirgata:
Litinin, tara.
Laraba, bakwai.
Juma'a, goma sha ɗaya, na zagi kofin, na zagi cokalin,
ta bar ni na gama, ta miƙo.

Tanderu kuwa, da ya kwana wata biyar ba wuta,
ya tsage daga baki har gindi.
Na kwaɓa yumɓu da gishiri,
na durƙusa, na shafa da tafin hannu.
Sabon yaɓe ba a yi masa gaggawa.
Ƙirare uku yau, gobe biyar,
in ka zuga shi ya sake buɗe baki.
Ina shafawa ina jin cikina yana saurare.

Wata na uku, Lahadi, Rioni ya cika da ruwan ƙanƙara.
Shafin ya ce: biyu.
Garin ne? Lokaci ne? Romon kazar Tsisana?
Nestan ta ɗaga kafaɗa, ta yi dariya, ta ɗora ni a sikeli.

Na ciro burodin farko da ƙugiya,
na gutsuri kunnensa, inda ya fi ƙonewa.
Na tauna sau talatin.
Na zauna a bakin ƙofa, takalmi a ƙafa, ko da za a yi gudu.
Ƙararrawar coci ta buga.
Ta sake bugawa.
Ina nan zaune.